Nomau da Namijin Tsutsar Tarwaɗa

To, ku gyara zama, yau labarin Nomau ne na Tungar Jatau. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, saboda haka ba ji na yi ba, gani na yi. Nomau ba yaro ba ne, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yana zaune ne wurin yayarsa Tumba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da murhun bandar kifi a tsakar gida. Da bandar nan take ciyar da kowa, har da shi.

Ana nan sai wata mai saye ta tsaga ɗanyar tarwaɗa a gaban Tumba, ta ga jajayen tsutsotsi suna motsi a hanjin, ta ƙwala ihu. Kafin azahar magana ta gama kasuwa. Haliru duba-gari ya zo ya ce kada a ƙara hura wuta a murhun sai an tabbatar tsutsar ba ta kama mutum, in kuwa ba a tabbatar ba kafin kasuwar ƙarshen wata, zai sa a rushe shi. Aka turo wata Dakta Larai daga jami'a, mai binciken tsutsotsin cikin dabbobi, ta sauka a gidan Tumba da madubinta mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Tumba ta ba ta Nomau ya riƙa yi mata aike. Na so in yi magana, sai na ce ina ruwana.

Wata rana Dakta ta ce masa, "Malam Nomau, tarwaɗa nake so mai rai. Kada a raba ta da ruwan da aka kama ta a ciki." Ya ce, "To, Likita." Ya je bakin tafki ya tarar da kwalekwalen Bagudu masunci, ruwa ya taru a cikinsa, kifi na wutsil-wutsil. Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ɗaura igiya ya jawo kwalekwalen gaba ɗaya, ta cikin gonar albasa, har ƙofar gida. Bagudu ya biyo sawu yana kumfar baki. Nomau ya ce, "Yi haƙuri, ruwan kawai nake so da kifin, jirgin naka ne." Sai da Tumba ta fito ta ba da baki, ta kuma ba mai albasa haƙuri.

Da aka miƙa wa Dakta hanjin, ta tsinto tsutsotsin, ta sa ɗaya a madubi ta kira mu muka leƙa. Ikon Allah! Abin da ido ke gani kamar guntun jan zare, ashe yana da baki kamar ɗan ƙoƙo mai zane-zane a ciki, da maƙogwaro kashi biyu, na gaba mai tauri na baya mai laushi, ga hanji miƙe har wutsiya. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan bakin ba, da alama sabuwa ce da ba a san da ita ba. Tumba ta ce, "Ni ba bakinta ya dame ni ba, Likita. Tana cin mutum ko ba ta ci?" Dakta ta ce ba ta isa ta faɗa ba tukuna.

Wata rana Dakta za ta je wurin mai gari, ta bar tsutsotsin da ta tara a faranti, duk sun kanannaɗe. Ta ce, "Waɗannan sai sun miƙe sumul zan iya auna tsawonsu. Ka taimaka ka miƙar min da su kafin in dawo." Ita da ɗan tsinke take nufi. Nomau ya gwada, ya ga in ya miƙar da wannan waccan ta lanƙwashe. Sai ya ɗauki farantin ya nufi wurin Tunau mai wanki da guga, ya jira Tunau ya juya baya, ya jera su a kan tebur ya ɗora musu dutsen guga da garwashinsa ja wur. Sun miƙe kam, sai dai a jikin dutsen suka miƙe. Tunau bai lura ba ya ɗora dutsen a kan farar rigar liman. Ranar har unguwar mahauta an ji faɗan.

Aka sake neman kifi, aka sake tsinto tsutsotsi. Nan ne Dakta ta faɗi abin da ke damunta. Ta ce duk waɗanda take samu mata ne, cikinsu cike da 'ya'ya. Namijin take nema, shi ƙarami ne ƙwarai, wutsiyarsa a naɗe kamar ƙugiya, da wasu 'yan allurai biyu da ƙananan ƙuraje a gefenta. Da wutsiyar namiji ake gane dangin tsutsa, in an gane dangin kuwa an san ko tana kama mutum. Tumba ta ce, "Wato ni da 'ya'yana muna jiran wutsiyar tsutsa ne." Ba wanda ya yi dariya.

Wata rana idon Dakta ya gaji, ta zaunar da Nomau a gaban madubin ta ce, "Ka duba min. Kada ka ɗaga ido sai ka ga mai naɗaɗɗiyar wutsiya." Ta shiga ɗaki ta kwanta. Kyanwar gidana, Allah ya shirye ta, ta diro ta katanga ta tarar da kwanon hanjin ranar a gefen ƙafarsa, ta zauna ta cinye tas. Da Dakta ta fito ta ga kwano fayau, ta dafe kai ta ce, "Malam Nomau, ba ka ji ba?" Ya ce, "Na ji sarai, Likita, har gurnaninta. Ban dai ga wutsiyar ba." Idonsa na kan madubin yake wannan magana.

Wata rana, jajibirin kasuwar ƙarshen wata, Dakta ta haɗa kayanta ta yi sallama jiki a sanyaye, don an neme ta a wurin aiki kuma namiji bai samu ba. Haliru ya aiko cewa gobe da hantsi za a zo da diga. Ashe duk kwanakin nan Tumba, don kunyar baƙuwa, ba ta yarda ta miƙa mata hanji da ƙazantarsa. Sai ta tsaga shi ta ɗauraye a roba tukuna. Ruwan ɗaurayar safiyar nan yana ajiye yana ƙarni, ta ɗora wa Nomau a ka, idonta jajir, ta ce, "Ɗauke min wannan masifa. Kada ka zubar min da shi a gidan nan."

Ya fito zai zuba a lungu, na ce, "Kai, ba a ƙofata ba!" Ya wuce. A gefen masallaci ladan ya ce ba nan ba. A bakin tafki Bagudu ya ce wallahi in ya mayar masa da tsutsa ruwa sai sun kwashi 'yan kallo. Haka ya yi ta yawo a hankali don kada ya ɗiga, rana na dukansa, har ya isa tasha, inda Dakta ke zaune a mota ana jiran ta cika. Ya sauke robar a gabanta ya ce, "Likita, ke kin yi karatu. A ina ake zubar da wannan?"

Ta toshe hanci ta leƙa. Ruwan ya kwanta, dattin ya koma ƙasa, kuma a kan dattin ga wasu 'yan abubuwa sirara kamar gashin gira, kowanne wutsiya a naɗe. Ashe mazan ruwan ɗauraya suke bi. Ta diro daga mota, ta sa aka sauko da akwatinta, ta kafa madubi a kan bencin mai shayi. Motar ta cika ta tafi ta bar ta. Ta daɗe a sunkuye, sannan ta aika aka kira Haliru ta ce ya leƙa da kansa. Ta nuna masa alluran biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajera, ta ce ta gane dangin: a hanjin kifi suke girma su haihu su mutu, ba ruwansu da mutum, balle kifin da aka cire wa ciki aka banda. Haliru ya ce to a hura wuta.

Ni da na bi shi har tasha, ni na kai wa Tumba labari. Ta zauna daɓas a gindin murhun ta rushe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Har ta tashi ta jera itace ta kunna, hayaƙi ya fara tashi, sai ga Nomau a bakin ƙofa, robar na kansa, wuyansa na rawa. Dakta ta kwashi abin da take so ta bar masa ruwan.

Ya ce, "Yaya, har yanzu ban samu wuri ba."

Tumba ta je ta sauke masa da hannunta, ta kwarara ruwan a tsakiyar gidanta, ta ce, "Shigo ka zauna, ƙanena. Kifin farko naka ne."