Sati Shida a Hannun Iya Siddiƙa

"Lafiya lau, ba gajiya. Ya kwanan amaryata mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, ɗan nema, jiya ma na duba. Shigo, kada ka tsaya mini a ƙofa kamar wanda aka aiko da sammaci."

Iya Siddiƙa na zaune a gindin darbejiya tana tsintar wake, rana ta fara ɗagawa a kan rufin maƙwabta. Mai gaisuwar jikanta ne, Mahdi, ɗan babban ɗanta da ya rasu shekara goma sha huɗu da suka wuce. A Katsina yake karatu, a can kuma ya koyi wasan kurket, ya zama cikin masu jefa ƙwallo: ya sheƙo da gudu, ya wulwula hannu ta saman kai, ya saki ƙwallon ya nufi katakon da aka kafa. Sati biyu ke nan da ya dawo Daura da hannun dama naɗe da bandeji, jijiya ta kumbura tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Likitar gashin ƙashi ta ce masa sati shida kada ya jefa ko tsakuwa. Yau ga shi da jaka a kafaɗar hagu, hannun kuma ba komai a jikinsa.

"Maigida, ina bandejin?"

"Na sake shi, saki uku. Ya cika kishi, ba ya son ina zuwa wajenki."

"Jakar fa? Ko yaji za ka yi mini?"

"Katsina za ni. Jibi Asabar za a zaɓi waɗanda za su tafi gasar ƙasa, kuma masu jifa biyu kaɗai ake nema. In ban je ba sai baɗi."

"Oh ni Siddiƙa! Na auri manomi mai rumbu bakwai, yau na ƙare da miji mai jifa, kamar wanda aka sa gadin gero."

"Gadin geron nan a jirgin sama ake zuwa kallonsa. Ranar da kika gan ni a talabijin sai kin sayi jan baki."

"In sayi jan baki saboda ƙato ya jefi katako? Miƙo mini butar can. A'a, ajiye hagun, da dama nake so."

Mahdi ya kama butar, cike take da ruwa. Ya ɗaga ta kamar taki ɗaya daga ƙasa, sai fuskarsa ta yamutse, ruwa ya tuttule masa a takalmi.

"Butar nan duwatsu kika zuba mata."

"Ƙwarai, na Dutsi na sa aka kawo mini musamman dominka. Faɗa mini, wa yake jifan katangar bayan ɗakina da goruba bayan sallar asuba?"

"Aljanu ne, Iya. Unguwar nan ta cika da su."

"Aljanin nan kuwa duk jifa uku sai ya ce wash. Har tausayinsa nake ji."

Ya yi dariya, ya durƙusa a bakin tabarma. Ta ture faifan waken gefe, ta miƙa masa hannunta na dama.

"Dunƙule mini shi."

Ya kama yatsun ya lanƙwasa a hankali. Suka tafi rabi suka tsaya, kamar ƙofar da ta kumbura da damina.

"Ciwon nan da kuke yi wa suna da Turanci, mu muka riga ku. Shekara talatin ina dakau. Ranar da ya fara cizona a gwiwar hannu na ɗaure da tsumma na koma kan turmi, na ce gobe zan huta. Goben ce ba ta zo ba. Yanzu carbi ma da hagu nake ja."

"Ke ai ba ki da likita. Ni an karantar da ni komai. Ƙanƙara a cikin tawul minti goma sha biyar. A miƙa hannu a ja yatsu baya. Kada a fara jifa sai jiki ya yi ɗumi, kuma a ƙidaya jifan kullum kada ya wuce ƙima."

"Masha Allah, mijina ya sauke. Babin sati shida fa, akuya ce ta cinye shafin?"

"Kwana ɗaya ne kawai, tsohuwa. In sha magani, in jefa talatin, in dawo ki yi ta jinyata har ki gaji."

"In jijiyar ta tsinke a na ashirin fa? In ɗinke maka da zaren kaba?"

Mahdi ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jakar. Da ya sake magana, muryar ba ta zolaya ba ce.

"Da Baba yana nan, da ya ce in je."

Iya Siddiƙa ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya tana juya ta. Nu'uman, mahaifin Mahdi, ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta yi masa wasa ba, da aka yaye shi ma ɗakin uwar mijinta ya koma. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka ta yi, kowa na yabon kunyarta. Safiyar da ya zo sallama zai kora shanu kasuwar Mai'adua, ta ga idonsa ja, ta ji zazzaɓi a numfashinsa daga inda take tsaye. Kalmar na bakinta. Ta dubi cikin turmi ta ce Allah ya kiyaye hanya. Bayan kwana uku aka kawo shi kwance a bayan mota.

"Wancan yaron," in ji ta, "ya tsaya daidai inda kake yanzu. Na ga ba shi da lafiya, ban iya ce masa zauna ba. Bakina a ɗaure yake a kansa. Kai kuwa miji ne, babu kunya tsakanina da kai. Zauna."

Mahdi ya daɗe yana kallon yatsunta. Sannan ya zare jakar daga kafaɗa ya jingina ta da bishiya, ya share hanci da bayan hannu.

"Wato kulle za ki yi mini. Yaushe mata suka fara kullen maza a Daura?"

"Yau da hantsi. Kai ne na farko, za a sa ka a tarihi."

"To ina da sharaɗi. Fura kullum, da kindirmo, ba tsala ba."

"Ji maƙwadaici! Hannu ya mutu, maƙogwaro na nan da ransa."

"Kuma baɗi ke za ki raka ni Katsina, ki zauna a gaba ki yi guɗa."

"In ina da rai har ƙwallon zan karɓa in nuna musu yadda ake yi. Kira malaminku na wasan ka gaya masa matarka ta hana."

Ya kira, ya yi bayani a taƙaice, ya kashe wayar ya kife ta a tabarma. Can ta tambaye shi wane motsi likitar ta ce ya riƙa yi yanzu. Ya ce a ɗora hannu a gwiwa, a riƙe abu marar nauyi, a sauke wuyan hannu sannu sannu sau goma sha biyar. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin gwangwanin man shanu ta danƙa masa, ta zauna dab da shi, ta tallafe gwiwar hannunsa da tafinta mai taurin nan.

"Ɗaya. Biyu. A hankali, ba tuƙa tuwo kake ba. Uku."

Yana saukewa tana ƙidaya, idonta a gefen fuskarsa, wajen kunne da haɓa, inda kamarsa da mahaifinsa ta fi fitowa.

"Sha ɗaya. Sha ɗaya. Sha ɗaya."

"Iya, sau uku kina faɗin sha ɗaya."

"Ni na yi boko ne? Ka rikita ni. Koma daga farko."

Mahdi ya ƙyalƙyale da dariya har gwangwanin ya kusa faɗuwa. Ya gyara zama, ya mayar da hannun cikin tafinta.

"Na ji, uwargida. Ɗaya."