Yadda Sitiyarina Ya Cinye Hannun Rigar Kawu Modu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaunar da Kawu Modu a gaban sitiyarina ba, ko da kuwa an wanke mini ƙwaƙwalwa da omo.

Sitiyarin na wasan tseren mota ne a kwamfuta, na hannu, na ɗaure shi a jikin tebur, totur da birkinsa suna ƙasa. Akwai inji a cikinsa mai ja maka hannu kamar kana kan titi da gaske: ka hau rami ka ji, taya ta zame ka ji. Aibinsa ɗaya. In ka cika masa ƙarfi, ka kuma sake shi a miƙaƙƙen titi, sai ya fara kaɗawa hagu da dama, tun yana yi a hankali har ya haukace. Maganin ba wuya: ka rage ƙarfin, ka ƙara masa ɗan nauyin da ke hana shi zillo. Na sha fama har na daidaita shi, ya zama salihi.

To, Kawu Modu, yayan mahaifiyata, yana da shago a kusa da kasuwar Mubi da ya daɗe a rufe. Ni kuma na ƙwallafa rai in buɗe gidan wasan kwamfuta a ciki. Ya ce ba zai ba da makulli ba sai ya ga abin da idonsa, zai biyo ta gidanmu a hanyarsa ta zuwa ɗaurin aure.

A nan shaiɗan ya raɗa mini cewa Kawu ya tuƙa manyan motoci zuwa Maiduguri, in ya ji sitiyarin da laushi zai ce kayan yara ne. Sai na shiga saitin na mayar da ƙarfin har ƙurya, nauyin nan kuma na kwashe shi kaf (wani ɗan intanet ya ce haka gwanaye ke yi, Allah ya isa tsakanina da shi).

Kawu ya iso cikin babbar riga fara ƙal, ta sha aiki, sai ƙamshi yake. Ya zauna, ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa, ya taka totur. Kai, abin ya yi kyau! Ya sha kwana, sitiyari ya ja shi, ya ce, “Iye! Ɗan nan, wannan ai mota ce.” Ni a raina har na fara fentin shago.

Ana haka sai ga sallama. Baba Zira ne, maƙwabcinmu mutumin Michika, tsohon abokin Kawu, ya ga motarsa a waje ya leƙo. Kun dai san gaisuwar manya, ba a yin ta da hannu ɗaya. Kawu ya saki sitiyari, ya juya ya kama hannun Baba Zira da hannu biyu, ƙafarsa kuwa tana kan totur.

Ina kallo sitiyarin ya ɗan yi hagu, ya ɗan yi dama. Bakina ya buɗe zan ce “Kawu riƙe!” amma wane ni in katse manya suna tsakiyar “ya iyali, ya jikoki, ya mutanen Michika”? Na tsaya ina murmushi kamar dolo, ina addu'ar su taƙaita. Ba su taƙaita ba, har gonar Baba Zira aka tambaya.

Hannun rigar ya zamo daga kafaɗa, ya faɗa kan sitiyari. Shi ke nan. Sitiyarin ya cafke shi, ya fizgi Kawu hagu, ya maido shi dama, tebur na rawa, hula ta yi ƙarƙashin gado. Kawu na salati, Baba Zira ya ja da baya yana cewa, “Kai yaro, wannan abu yana da aljani ne?”

Na fizge wayar wuta, ya tsaya cak, riga a nannaɗe. Da na yi haƙuri na warware da hannu, da an wuce wurin. Amma ni mai ilimi, na ce, “Kawu bari in kunna ya sake ka.” Na manta cewa duk sa'ad da aka kunna shi sai ya juya da kansa har ƙarshen hagu, ya koma har ƙarshen dama, don ya gane tsakiyarsa. Na ji ƙyaaat! Wallahi har cikin hanjina na ji ƙarar nan.

Da almakashin mahaifiyata aka 'yanto Kawu. Ina ta bayanin cewa ƙarfin ne ya yi yawa, yanzun nan zan rage. Ya dube ni, ya dubi abin da ya saura na hannun rigarsa, ya ce, “Ashe ana ragewa?” Na ce e. Ya ce, “Kuma ka sani?” Na sunkuyar da kai. Ɗaurin auren dai da jallabiyar aro ya je, shagon kuma yanzu wani mutumin Muchalla ke tara buhunan masara a ciki.

Darasin da na koya: abin da ya zauna lafiya, bar shi a zaune, burga ba ta gyara saiti. Ina zuwa gaida Kawu har yanzu, yana amsawa da fara'a. Sai dai da zarar ya hango ni, sai ya tattare hannayen rigarsa ya danne a hammata.