Tagullar Baba

Ba zan taɓa iya mantawa da ranar da na kori ma'aikatarmu kaf zuwa titi ba, ni da ko kaza ban taɓa kora ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, sojan ruwa ne a Legas. Abin da ya rage min nasa wata tagulla ce mai nauyi, kamar taɓaryar ƙaramin turmi, da 'yar farfela a hancinta. Tun ina yaro Inna ta ce lambar yabo ce aka ba shi. Na ɗora ta kan teburina a ofis, duk baƙon da ya shigo sai ya sha labarin jaruntakar Baba (kowace shekara labarin ƙara tsawo yake, har sai da Baba ya nutsar da jirgin abokan gaba).

Rannan wani tsohon hafsan sojan ruwa ya zo wurin ogana. Da na ji a Legas ya yi aiki, na tara abokan aiki, na miƙa masa ita ina washe baki. Bai karɓa ba, baya ya ja.

"Yaro, ajiye a hankali," ya ce. "Wannan hancin bam ne, irin wanda ake harba wa jirgi ta ƙarƙashin ruwa. Shi ke tayar da shi."

Ya ce tsohon yayi ne, tun na Turawa, amma ba zai rantse babu komai a ciki ba. Da na faɗi sunan Baba ya gane shi: mai dafa musu abinci ne, mutumin kirki.

Aka fitar da kowa cikin rana, har da mai ciki da ogan nawa. 'Yan sandan kwance bam suka tafi da ita, ba su kuma dawo da ita ba. Babu wanda ya yi min dariya, wannan ya fi komai ciwo.

Da yamma na tafi Kuje wurin Inna, ina tunanin yadda zan gaya mata ba tare da na karya mata zuciya ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Na sani," ta ce. "A bola ya tsinto min ita, in riƙa tare ƙofa. Kai ne ka dawo makaranta kana kuka, wai uban kowa yana da lamba."

Mutumin da ya ciyar da barikin soja da gidanmu, ban taɓa ba da labarinsa na gaskiya ba ko sau ɗaya.

Yanzu idan zan yi alfahari da gado, sai na fara tambayar Inna me take yi da shi.