Baƙin Man da Na Ɗura wa Motata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tara wa kaina jama'a a bakin hanyar fita daga Bagudo don su ga yadda ake kama macuci, aka kuwa kama shi, sai dai ba wanda na nuna ba ne.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare. A makaranta ana ce mini Injiniya, saboda na taɓa tayar da janareton ofis bayan ya gagari kowa. (Makunnin fetur ɗinsa ne a rufe, na buɗe. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.) Sunan ya shiga kaina sosai. Da na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta gan ni, sai na ƙudura cewa ba bakaniken da zai taɓa mini ita. Ina da waya, ina kallon masu gyara a bidiyo, me ya rage?

Motar tana da hali ɗaya: idan aka tayar da ita da safe sai ta ɗan fesa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa. Na bincika, na gano cewa hakan na nufin inji yana shan baƙin mai. Har nan ban yi kuskure ba. Inda na ɓata shi ne lissafin da na ɗora a kai: tunda tana sha, ai sai a riƙa ba ta. Na sayi galan na ajiye a but. Da fari duk mako nake ƙarawa. Da na ga hayaƙin ya ƙaru, na ce ƙishin ne ya ƙaru, na koma duk bayan kwana biyu. Aunawa kuwa ban yi ba ko sau ɗaya.

Ana nan sai aka sa ranar auren 'yar ƙanin surukina a Kaoje. Mahaifinta ya rasu, don haka surukina, wanda muke kira Baba, shi ne waliyyi. Ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗaura. Baba ya riga ya yi magana da wani direba, amma na aika matata ta ce masa ya bari, ga mota a gida. Shekara huɗu ina auren 'yarsa ban taɓa yi masa wani abin a zo a gani ba, na ce yau ce ranar.

Na isa ƙofar gidansa da shadda mai sitati. Kafin ya fito, ƙanwarsa Gwaggo Hajo tana zaune a zaure da ƙullin kayanta tana jira. Ganin akwai mai kallo, sai na buɗe bonet, na naɗe hannun riga, na ɗauko galan na tuttula abin da ya rage a ciki gaba ɗaya, ya kai lita biyu.

"Malam, mi kake ba ta haka?" in ji Gwaggo.

"Baƙin mai ne, Gwaggo. Tafiya mai nisa sai da shiri."

Ta ce Allah shi yi albarka. Ni kuwa har da goge hannu da tsumma a hankali, yadda na ga ana yi a bidiyo.

A bakin gari muka tsaya shan mai wurin Malam Zakari, wani dattijo ɗan bumburutu mai tebur da galan-galan a gindin darbejiya. A yankinmu na bakin iyaka ba kullum ake samun mai a gidan mai ba, kowa ya saba da irinsu. Ya zuba mana, suka gaisa da Baba, muka kama hanya.

Ba mu yi nisan da za a daina hango darbejiyar ba motar ta fara tari. Ta yi tsalle, ta yi gurnani, na taka totur ta ƙi amsawa. Na duba madubi, ban ga hanya ba, sai hayaƙi. Wani mai babur da ke bayanmu ya wuce yana toshe hanci da hula. Daga nan ta mutu murus. Na murɗa makulli har sau bakwai, sai kuka take yi ba ta kamawa.

Baba ya dubi agogonsa. Wannan duban agogon ne ya rikita ni. Dole a samu mai laifi, kuma dole ya zama ba ni ba.

"Man nan ne, Baba," na ce. "Gurɓatacce ya sayar mana."

"Malam, Zakari kuwa?"

"Ai aikina ne, Baba. Na san alamarsa."

Na fita na nufi darbejiya da ƙafa, babbar riga tana tashi a bayana. Tun daga nesa na fara ɗaga murya. Na ce masa bai ji tsoron Allah ba, na ce irinsu ne suke kashe wa mutane injuna, na ce ya haɗa fetur da kananzir. 'Yan kabu-kabu suka kashe baburansu, mai shayi ya bar tukunyarsa, masu jiran motar Tsamiya suka matso. Ni kuma da na ga taro sai na ƙara wuta, har da Turanci.

Malam Zakari ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Malam, kananzir ya fi fetur tsada yanzu. In na haɗa, ni na cuci kaina."

Aka yi 'yar dariya. Maimakon in yi shiru, sai na ce to ruwa ne. Ya zuba man a kwalba ya ɗaga sama kowa ya gani, garau, ba komai a ƙasa. Na ce ai akwai sinadaran da ido ba ya gani. (Allah ya yafe mini, har sunan wani sinadari na ambata, wanda ban tabbata akwai shi ba.) Dattijon ya ajiye kwalbar. Wani da ya tsaya da jarka zai sayi mai ya juya ya tafi abinsa.

A gefen wurin akwai rumfar wani bakanike, Sabi, mutumin tsallaken iyaka ne, a Benin ya koyi aiki. Shi ne ya ce a turo motar a gani. 'Yan kabu-kabu suka turo ta, Gwaggo na zaune a ciki kamar amarya, Baba kuma ya biyo su a ƙasa da carbinsa.

Sabi bai ko kalli tankin mai ba. Ya sa yatsa a bakin salansa, ya fito da shi baƙi ƙirin yana maiƙo. Ya ɗauko sufana ya kwance fulogi na farko, wanda shi yake kira buji, ya ɗaga. Jiƙe yake sharkaf, baƙin mai har yana ɗiga. Na biyu haka, na uku haka. Ya jera su huɗu a kan bonet.

"Buji ba ya ƙarya," ya ce da jama'a, ba da ni ba. "In kansa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi a bushe kamar gawayi, fetur ya yi yawa. In ya jiƙe haka, baƙin mai ne ya hau kansa, wuta ba ta iya tashi. Wanga ba aikin fetur ba ne."

Na ce, "Ai dama tana shan baƙin mai, ringin fistin ne ya gaji." Na faɗa da ƙarfi don a san ni ma na san sunayen.

"Ya gaji kam, tsohuwa ce. Amma bari mu gani."

Ya zaro wani siririn ƙarfe daga jikin injin, geji, wanda ake auna baƙin mai da shi. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya nuna mini ɗigo biyu a ƙarshensa, ya ce mai tsakaninsu ya kamata ya tsaya. Sannan ya bi da yatsa har inda namu ya kai. Ya wuce ɗigon sama da kusan tsawon tafin hannu.

"Wa ya zuba wanga mai?"

Wallahi na ji bakina yana cewa, "Wani bakanike ne ya yi mini juyen baƙin mai shekaranjiya."

Sai gilashin baya ya sauka.

"Wane bakanike?" in ji Gwaggo Hajo. "Ba kai na gani da idona ba yau da sahe? Galan guda ka juye mata a ƙohwar gida, ka ce tahiya mai nisa sai da shiri!"

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Wani ɗan kabu-kabu har ya kwanta a kan tankin babur ɗinsa. Sabi shi bai yi dariya ba, ya dai tambaye ni sau nawa nake ƙarawa. Na faɗa masa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ya girgiza kai ya ce abin da motar ke sha a wata bai kai abin da nake ba ta a mako ba. Da baƙin man ya yi yawa sai ya riƙa kumfa yana bi ta bututun numfashin inji yana komawa inda fetur ke ƙonewa. Hayaƙin da nake gani yana ƙaruwa, ni nake ƙara shi da hannuna.

Ƙarfe goma ta wuce. Sabi ya ce rage mai da wanke fulogi da jiran injin ya ƙone abin da ya shige shi zai ci fiye da awa. Baba ya tsaya yana duban hanya, ga aure yana jiransa. Sai Malam Zakari ya tashi, ya ce wa mai shayi ya duba masa tebur, ya turo babur ɗinsa.

"Hau mu tahi, Alhaji. In sha Allahu muna isa."

Mutumin da na gama yi wa tijara a gaban masu sayen mansa. Baba ya tattare babbar rigarsa zai hau, sai ya juyo ya dube ni. Na so ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, a hankali, "Malam, mota ƙarfe ce, tana gyaruwa. Amma ka san abin da ka ɓata a nan."

Da fetur ɗin Malam Zakari aka wanke fulogan, suka kama wuta tas. Muka isa Kaoje ni da Gwaggo ana rabon goro, an ɗaura tuni. Kafin in sami wurin ajiye mota, labarin ya riga ni shiga cikin gida. Wata tsohuwa da ta miƙo mini tuwon shinkafa ta ce in faɗa mata in miyar ta isa, kada ta cika ta fara hayaƙi.

Washegari na koma gindin darbejiya. Na zaɓi lokacin da 'yan kabu-kabu suka cika wurin, tunda a gabansu na yi, na durƙusa na ba Malam Zakari haƙuri da muryar da ta kai ta jiya ƙarfi. Ya ce ya yafe, ya ƙara da cewa mutum biyu sun riga sun tambaye shi ko gaskiya ne yana haɗa mai. Wannan ta fi dariyar ciwo. Na yi mako biyu ina bin duk wanda na san ya ji, ina warware abin da na ƙulla a minti biyar.

Abin da na koya bai da yawa. Idan abu ya lalace a hannuna kuma na ji na tabbata ɗari bisa ɗari cewa wani ne ya ɓata shi, to in fara tambayar wa ya taɓa shi a ƙarshe. Kuma in zan yi ƙarya, in fara duba kujerar baya.