Saƙona A Kaset Ɗin Mai Molo

Ba zan taɓa mantawa da kasuwar Madawa ta wannan rani ba, ko da haƙorana sun zube.

Yayana Illa ke da butik ɗin kwafar kaset kusa da tasha. Ya sha wuya kafin wani mai molo na garin Buza ya yarda ya ba shi uwar kaset ɗin sababbin waƙoƙinsa, bisa sharaɗin shi kaɗai zai kwafa ya sayar, su raba riba. In ya ɓata aikin, mai molo ya koma wajen butik ɗin da ke kallonsa.

Ni kuwa lokacin maigida na Abijan cin rani. Tunda ban iya rubutu ba, a kaset nake yi masa magana, masu tafiya su kai. Na shiga ɗakin Yaya neman wanda babu komi ciki, na ɗauki mafi tsabta. Rikoda ta ƙi ɗauka, sai na cusa takarda a ramin kaset ɗin (wayo ke nan, in ji ni), na ja ƙofa na zuba zance. Motsin Yaya na ji, na mai da shi wurinsa, in dawo daga baya. Ashe uwar kaset ɗin mai molo ce; kafin in dawo ya tafi da shi, ya kwafa tuli bai saurara ba.

Ranar kasuwa ina zaɓen albasa, lasifikar Yaya na tashi, molo ya yi daɗi. Sai kiɗa ya yanke, aka yi tari. Ni kam na san tarin nan!

"Baban Sani, ina kwana? Tun tahiyarka hura ba ta yi mani daɗi..."

Kasuwa duka ta kasa kunne. Ga surukina tsaye, yana duban ƙasa kamar ya yar da allura. Ni kuma lasifika ba ta tsaya ba, har na kai ga roƙon turare.

Mai molo ya taso ya nufo Yaya. Kafin ya buɗe baki, matan 'yan cin rani sun cika butik: "A ba mu na mai hura!"

Ya dubi Yaya ya ce, "Illa, kada ka goge ko tarin."

Da damina maigida ya dawo, ya miƙo mini turare yana murmushi. "Saƙo ya iso, Hajo. A tashar Abijan na sayi kaset ɗin."

Tun daga nan, in zan yi zancen zuci, sai na fara jin abin da ke cikin kaset. Surukina kuwa har yau in ya ga fura sai tari ya kama shi.