Buzuzu, Fedar Dogo Mai Jita, Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushinku da ya ƙi wucewa, iyalan Dogo mai jita ke sanar da ku, masu jita na kusa da na nesa, rasuwar Buzuzu. Kada wanda ya riƙe baki yana salati kamar yau ya fara ji. Kuna wurin. Wata biyu cur marigayin yana tari a gaban idonku, kowannenku ya gani ya kau da kai, wasunku har tafi suka yi masa.

Ga wanda bai san shi ba, Buzuzu feda ce irin ta masu jitar lantarki, wadda suke kira fuz. Ɗan akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da sifika, da maɓalli ɗaya na takawa da abin murɗawa biyu. Kafin a taka shi, jita magana take yi kamar mutumin kirki. Ana takawa sai muryarta ta kumbura, ta yi kaushi, ta fito "vuuuzzz" kamar ƙwaro ya faɗa cikin gwangwani yana neman hanyar fita. A nan ya samo sunansa.

Babu wanda ya san ainihin shekarunsa, amma an tabbatar ya girmi Dogo. Shekara ashirin da shida ke nan da Dogo ya tsince shi a shagon wani mai gyaran rediyo, ana tare ƙofa da shi don kada iska ta rufe ta. Tun daga ranar ba su rabu ba.

Marigayi mai haƙuri ne. Shekara ashirin da shida ana taka shi da takalmi, bai taɓa kai ƙara ba. Mai ladabi ne kuma: idan Dogo ya rage ƙarar jitarsa da ɗan ƙaramin yatsa, sai Buzuzu ya sauke murya har ya koma raɗa, ya bar mawaƙiya ta yi numfashi. Ba za mu ɓoye cewa yana da nasa halin ba. Ba ya shiri da zafi, don haka kafin kowane wasa sai ya yi rabin awa a cikin firiji, tsakanin gorar ruwa da kwanon ƙwai, har uwargidan Dogo ta ware masa kusurwarsa ta hana kowa taɓawa. Yana kuma da tsoma baki a abin da ba ruwansa, domin wani lokaci yakan kamo tashar rediyo. A wani taron yaye ɗalibai, daidai inda waƙa ta yi sanyi iyaye suna share ƙwalla, Buzuzu ya sanar da muryar wani mutum mai mura cewa ana sa ran ruwan sama gobe da yamma. An kuwa yi ruwan. Ko a nan bai yi ƙarya ba.

Yanzu sai batun ajalinsa, kuma a nan ne kuka shigo.

Buzuzu da batir yake aiki, irin mai kusurwa huɗun nan mai baki biyu a ka. Masu jita sun daɗe da yarda cewa fuz ba ya fitar da zaƙinsa sai da batirin da ya kusa ƙarewa. Sabo, wai, ihu yake sa shi; wanda ya gaji shi ke sa shi kuka mai daɗi. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, ba mu musa ba. Amma ku kuka ɗauke ta kuka mayar da ita doka. Dogo da harshe yake gwada batir. Idan ya ɗora ya ji ya cije shi, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ɗanye ne, a mayar da shi cikin makirfo ya ƙara sati." Idan ya ji ɗan tsami-tsami can nesa, sai ya lumshe ido ya ce, "Ya nuna." Ku kuma kuka mayar da gajiyayyen batir tsarabar da ake kawo masa. Kowa ya je wasa a ɗakin taro sai ya kwaso na makirfonsu ya zo da shi yana murmushi, kamar ya kawo turare.

Na ƙarshen Farfesa ne ya kawo. Farfesa shi ne mai kaɗa jita a otal, wanda ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. A naɗe ya zo da shi cikin hankici, ya ce daga wata tsohuwar na'urar mahaifinsa ya ciro shi, irin na da ne, yanzu ba a yin irinsa. Batirin ya yi ciki, bakinsa ya yi tsatsa. Mutum bakwai ne a ɗakin gwaji a ranar, duk sun gani. Auta kaɗai ta yi magana, ƙanwar Dogo, wadda ita ce mawaƙiyar ƙungiyar.

"Yaya, wannan fa ya kumbura."

Guduma mai ganga ya ce, "Ƙoshi ne, Auta. Ke ma in kin ci kin ƙoshi ai haka kike yi."

Aka yi dariya, aka sa batir, aka ɗaure murfi. Gaskiya kuma a faɗe ta, sati biyu Buzuzu ya yi yana zuba muryar da bai taɓa yi ba, har Dogo ya rantse ba mai sake kwance murfin nan, kada daɗin ya tsere.

Daga nan ciwo ya fara. Da farko tari ne, "tsit, tsit," a tsakiyar kiɗa. Kuka ce ai irin sautin zamanin da ne. Sai ya koma datse sauti tun bai kai ƙarshe ba, "ɓurrr, ɗif." Farfesa ya ce akwai masu yawo ƙasa-ƙasa suna neman fedar da za ta yi haka ba su samu ba. Sai wani farin gari ya fara fitowa ta gefen murfi. Ɗayanku ya sa hannun riga ya goge, ya ce ƙura ce. Mutanen da za su iya yin awa uku suna gardama a kan kaurin tsirkiya, a cikinsu aka rasa mai ɗaukar sukuddireba ya kwance ƙusa huɗu.

Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, ana cikin gwajin waƙa ta uku. Dogo ya taka, Buzuzu ya ce "fuuu, ƙit." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Dogo ya sake takawa. Ya canza waya ya taka. Ya cire takalmi ya taka da tafin ƙafa a hankali, kamar mai tashin jariri. Shiru.

Mai gyara da aka kai wa gawar ya buɗe, ya duba, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Oga Dogo, wa ya ba shi wannan ya ci?"

Ruwan batirin ya cinye wayoyin ciki, ya kuma cinye ƙananan sassan nan biyu masu ƙafa uku-uku, waɗanda su ne maƙogwaronsa, kuma an daɗe da daina ƙera irinsu.

"Akwatin zan iya wanke maka," in ji mai gyara. "Muryar ta tafi. Da ranar da ya fara tari kuka kawo shi, aikin minti goma ne."

Marigayi ya bar jita ɗaya ja, abokiyar zamansa, wadda ke rataye a bango tun ranar ba a sauke ta ba. Ya bar sifika mai ɗinki a fuska, da wayoyi biyu, ɗaya ba ta aiki sai an karkata ta. Ya bar gurbi a firiji wanda uwargida ta riga ta cike da tumatir, ta ce ita ma ta yi rashi amma rayuwa sai ta ci gaba. Ya bar gwangwanin madara cike da gajiyayyun batura, marayu, waɗanda ba mu neman mai riƙonsu. Ya kuma bar Dogo, wanda yau kwana goma sha huɗu bai taɓa tsirkiya ba.

Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa sanarwar ta yi tsawo. Ranar Talata mai zuwa, ƙarfe tara na safe, Auta za ta shiga situdiyo ta ɗauki waƙoƙinta takwas. Shekara uku tana rubuta su, wata huɗu tana jiran a ba ta wannan rana, kuma kowace waƙa a kan jitar yayanta aka gina ta. Idan Dogo bai je ba, babu ɗauka.

Auta ba ta zauna ba. Ta ji cewa kamfanin da ya ƙera Buzuzu tun kafin a haife ta ya sake fitar da irinsa, launi ɗaya, fasali ɗaya, abin murɗawa biyu. Ta je shagon kayan kiɗa, mai shagon ya ba ta ɗaya a gwada zuwa ranar Litinin. Ta kawo shi cikin kwalinsa ta ajiye a kan teburin falo. A gidan ana kiransa Baƙo.

Sai kuka fara zuwa ta'aziyya. Farfesa ya ɗaga Baƙo ya jinjina a tafin hannu, ya ce, "Ba nauyi, Dogo. Na da sun fi ƙarfe." Wani ya shinshina ya ce fentin ma warin sabo yake yi. Wani ya zaro waya ya karanto cewa wani mutum a wata ƙasa ya ce sabon ba shi da ɗumi. Guduma, wanda bai taɓa riƙe jita ba sai don ya matsar da ita daga kan kujera, ya ƙwanƙwasa murfin da farce, ya girgiza kai ya ce, "Oga, ka ji ko? Fanko ne." Kun auna shi, kun shinshine shi, kun ƙwanƙwasa shi. Kun sha shayin gidan har sukari ya ƙare. Kwana tara Baƙo yana kan teburin nan, ba a samu mutum ɗaya da ya jona masa waya ba.

Dogo yana jinku, yana gyaɗa kai. Amma uwargida ta gan shi rannan da rana, shi kaɗai a falo, ya sa yatsa ya ɗaga murfin kwalin yana leƙawa. Yana jin sallama a ƙofa ya saki, ya koma ya zauna ya haɗa rai irin na mai makoki. Hannunsa na ƙaiƙayi, kunyarku ce ta ɗaure shi.

Auta ta durƙusa a gefen kujerarsa. "Yaya, don Allah ka taka shi ko sau ɗaya ne."

"Auta, in na taka kuma ya yi daɗi, me zan ce wa mutane?"

"In bai yi ba fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi jitar a bango. Can ya ce, "Su zo su ji. In suka ce ya yi, zan buga."

Kun ji inda kuka kai shi. Mutumin da ya koya wa rabinku riƙon jita yana jiran izininku kafin ya yarda da kunnensa. Ba cewa muka yi Baƙo zai zama Buzuzu ba. Mai yiwuwa muryarsa ta fito siririya kamar ta sauro, kuma in haka ne a faɗa, a mayar wa mai shago kayansa. Abin da muka gaji da shi shi ne hukuncin da ake yankewa da hanci da tafin hannu, da yabon duk abin da ya tsufa ko da ruɓewa yake yi. Da wannan halin kuka zuba ido Buzuzu ya tafi, kuma da shi kuke shirin binne waƙoƙin Auta a bayansa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin gwaji da ke saman shagon tela. Mai gyara ya riga ya yi wa marigayi wanka da ƙaramin burushi. Za a kwantar da shi a kan kanta, sama da sifika, cikinsa babu batir. Ba a buƙatar kuka mai sauti, kuma duk wanda ya zo da batir a hankici, a bakin matakala zai tsaya.

Bayan an kwantar da shi, kowa zai juya kujerarsa ya fuskanci bango. Mai gyara zai sa muryar marigayi da aka taɓa naɗa, Dogo kuma zai kaɗa kiɗan nan dai ta cikin Baƙo, duka ta sifika ɗaya, ba tare da an faɗa muku wanne ne wanne ba. Za a ba kowa takarda da biro ya rubuta abin da ya ji. An ware wa Farfesa kujera a can baya, inda ba mai iya satar kallon fuskarsa kafin ya rubuta.

Allah Ya ba Dogo haƙurin rashi, Ya ba ku ƙarfin halin faɗin gaskiya. Kada ku aiko da saƙon ta'aziyya ta waya, mun samu ya ishe mu. Ku tako da ƙafarku ranar Asabar, ku zauna, ku rufe baki, ku saurara. Sannan ku dubi idon Dogo ku faɗa masa abin da kunnenku ya ji, domin Auta na jiransa ranar Talata da jita a kafaɗa.