Yadda Za Ka Ga Farantin Dakta Bandar Ka Ce Ba Ka Gani Ba

Kai injiniyan ɗakin gwajin nan na arewacin Jidda, kana tsaye ranar da Dakta Bandar ya cire baƙin ƙarfen da ke shanye hasken leza, wai yana ɓata masa hoto, ya kafa farantin tagulla mai sunansa a gurbin. Ka gani, ka juya neman shayi. Madalla. Bi matakan nan, na lamunce maka kujerarka har furfura.

1. Manta karatunka

Ɗan ajin farko ya san in haske ya bugi abu mai sheƙi ya komo cikin leza, komai ƙanƙantarsa, sai ta birkice. Naku kuwa takwas ne a jere, suna jin juna. Ɗaya ta haukace, sauran su bi ta. Goge wannan daga kanka. Ilimi kaya ne, kai kuma kana da ciwon baya.

2. Nemo mai laifi marar gata

Ga Latifatu mai saita na'urori, haifaffiyar Karantina, unguwar baƙi a nan Jidda. Kamfaninku ne kafilinta, wato mai tsaya mata a ƙasar, kuma saura kwana tara iƙamarta, takardar izinin zama, ta ƙare. In Dakta ya ce hannunta ne ke rawa, shi ya sa lezojin suka birkice, gyaɗa kai. A hankali, irin na masana.

3. Kalli takalminka

Jiya ka gwada, ka kuwa iya. Latifatu ta kare farantin da baƙin kwali, layin awon leza da ke tsalle a allo ya kwanta. Ta janye, ya tashi. Har sau uku.

"Ya Daktor, duba da idonka."

"Halas, ya isa haka, ya binti. Sunana ne zai lalata leza?"

Ya tambayi ɗakin ko wani ya ga wani abu. Kai kana ɗaure igiyar takalmi. Ci gaba da sayen mai igiya.

4. Sa hannu

Ranar Alhamis za a kawo maka rahoton da ya ce sakacinta ne. Shaida ɗaya ake nema. Kada ka karanta, karatu na ɓata ido.

Ba ruwana

Ba ni da alhaki in ta tafi layin ya ci gaba da tsalle, aka waiwayo neman wani mai rawar hannu, aka tarar kai ne kusa.

Kwalin yana nan kan teburinta. Ajiye biron. Ɗauki kwalin, ka tara kowa, ka kare farantin da hannunka, ka faɗi abin da ka gani kafin Alhamis.